Hayaƙin da Ya Kai Ni Gida

Ni dai Allah bai haɗa jinina da na Kang Dudung ba, tun kafin abin da zan faɗa ya faru. Jirage biyu ne kacal masu kujera ɗaya a kulob ɗinmu da ke bayan garin Subang, tsofaffi marasa inji, irin waɗanda wani jirgin ke ja da igiya ya kai su sama ya saki. Da yake karɓa-karɓa muke yi, duk ranar da na gaji kujerar Dudung sai na toshe hanci. Mutum ne da ba ya tashi sai ya cika cikinsa da jengkol, waken nan da warinsa ke bin mutum har bayi, sannan ya rufe kansa cikin gilashin jirgi rana na dukansa awa biyu. In ya sauka ya bar miki ledar fitsarinsa a ƙarƙashin kujera, a ɗaure dai, ya ce ai mantawa ya yi. Sau uku ina ɗauke ta da yatsu biyu. A na huɗu na rataya masa ita a madubin motarsa, kuma har yau ban yi nadama ba.

Amma a sama, gaskiya ɗaya ce, ba mai kamo shi. Wannan ne ya fi ledar ƙona mini rai.

Jirginmu da hucin ƙasa yake rayuwa. Rana ta gasa gona ko kwanon rufi, zafin ya tashi, ki shiga cikinsa ki yi ta zagaye kamar shirwa har ya ɗaga ki, sannan ki miƙe ki nufi na gaba kina zubar da tsayin da kika tara. Duk gwanintar tana wajen sanin yaushe za a yi gudu, yaushe za a ja birki. Mang Oding, tsohon da ya koya mana duka, kuma shi ke alƙalanci a kulob, yakan ce mini, "Neng Yoyoh, sama kasuwa ce. Da hantsi ki taya ki wuce, kaya na nan jibge. In la'asar ta kawo kai, abin da kika samu ɗauka, ko ruɓaɓɓe ne." Mu nan la'asar ɗinmu da wuri take zuwa. Wajen ƙarfe biyu iskar teku ke shigowa daga arewa, mai sanyi da laima, ta bi gonaki tana kashe huci ɗaya bayan ɗaya. Mai hankali da ya hango ta sai ya rage gudu, ya riƙe tsayinsa, ya daina raina ƙaramin huci.

Dudung ba ya ragewa. Ƙarfe biyu ko uku, hancin jirginsa a ƙasa yake, yana tsala gudu har ya kusa shafar bishiyoyin kwakwa. Sai kuma a daidai inda ya kamata ya faɗa gonar wani, a ga hayaƙi ya tashi a gabansa. Lokacin girbi kowa na ƙona karan shinkafa, kuma wuta huci ce mai ƙarfi, dukanmu mukan hau ta in mun samu. Dokar Mang Oding a kan haka gajera ce: wutar da kika tarar halal ce, wadda aka kunna dominki haram, wanda ya hau ta yana sane ya bar masa kulob. Shi Dudung kullum tararwa yake yi. In aka tambaye shi sai ya taɓa hancinsa ya ce baiwa ce. Na san ruwa ba ya tsami banza, amma ba ni da abin nunawa.

A shekarar da nake magana, gurbi ɗaya aka ba lardinmu a gasar ƙasa. Ina da shekara arba'in da uku, idona na hagu ya fara neman tabarau, likitan da ke sa mana hannu a takardar lafiya kuma ya riga ya yi mini kallon da na gane. In ban je bana ba, ba zan je ba har abada. Mang Oding ya ce ranar Asabar za a raba gardama: daga fili zuwa Haurgeulis, a karya zuwa Ciasem, a dawo gida. Wanda ya dawo cikin lokaci mafi gajarta shi ke da gurbin, wanda ya sauka a gonar mutane ya sauka da nasa.

Da safen ina goge fiffike sai ga Dudung yana sakace, surukinsa Sarkim na biye da shi. Sarkim ƙanƙarar sha yake sayarwa a bakin fili, a cikin wani akwati rawaya da ya ɗaure a bayan babur, ƙato kamar firji.

"A'a, Hajiya Kunkuru, an fito?" in ji Dudung. "Kin taho da tabarma ko? Kada dare ya yi miki a hanya."

"Sannu ba ta hana zuwa, Kang."

"Sai dai a daɗe ba a je ba! Ƙarasa mana, ai ba a yanke karin magana a tsakiya."

"Kai dai ka taho da ledarka gida yau. In na sake ganinta, a tukunyar matarka zan sa ta."

Ya bushe da dariya, warin bakinsa ya iso ni tun daga ɗaya gefen fiffiken. Na ce wa Sarkim ya ba ni ƙanƙara ɗaya, ya ce in yi haƙuri, yau kasuwarsa na can arewa, ya buga babur ya tafi. Ranar da filin ya fi cika da 'yan kallo ce mai ƙanƙara ya bar ta. Na lura, na kuma ajiye a raina.

Sha biyu saura aka ja mu sama, shi ya fara, ni bayansa da minti biyar. Zangon farko kam rana ta yi mana adalci. Gajimare sun jeru masu baƙin gindi, kowanne da hucinsa a ƙarƙashi, agogon da ke auna hawa na ta tsuwwa a kunnena. Na yi abin da aka koya mini: in huci bai kai mita biyu a daƙiƙa ba, ko kallonsa ba na yi, sai in ɗan ja sandar tuƙi in ratsa shi in wuce. Sau huɗu kawai na tsaya zagaye kafin Haurgeulis. Da na karya kwana, ga Dudung nan gabana ba nisa, fiffikensa na walƙiya. Na ji daɗi har na yi wa kaina kirari a cikin gilashi, ba mai ji.

A zango na biyu ne na ga alamar. Gajimaren da ke wajen Ciasem sun fara yagewa, gindinsu ya tashi daga baƙi ya koma ruwan toka. Hayaƙin wata ma'aikatar bulo da ɗazu yake tsaye ya kwanta ya fuskanci kudu. Ɗaya da rabi ma ba ta yi ba, iskar teku ta yi sammako. Nan take na rage gudu, na shiga wani huci da awa ɗaya da ta wuce da na raina shi, na zauna a ciki ina tara mita kamar mai tsintar shinkafa a ƙasa.

Rediyo ya yi ƙara. "Kunkuru, me kika tsaya yi a can? Ƙwai kika saka?"

"Dubi arewa, Kang, in kana da ido."

"Ni hanci nake da shi."

Muryar Mang Oding ta shigo daga fili, "Ku bar mini rediyo, ba rumfar shayi ba ce."

Na ga Dudung ya duƙar da hancin jirgi ya ɓace cikin hazo. Ni kuwa na bi a hankali. Na isa Ciasem da mita ɗari bakwai, na karya na fuskanci gida, daga nan sama ta mutu murus. Babu tsuwwar agogo, babu girgiza, iska sumul kamar an shafa mata mai. Duk wanda ya taɓa tuƙa irin jirginmu ya san babu abin da ya kai wannan laushin ban tsoro. Na gwada kan kasuwa, babu. Na gwada kan titi, ya ba ni mita talatin ya karɓe arba'in. Gonakin da ke ƙasa duk baƙi ƙirin, an ƙone karansu tun mako biyu da suka wuce, babu sauran abin da zai ci wuta. Na ce a raina, to yau dai hancin Dudung zai shaƙi taɓo.

Mita ɗari uku. Na san wurin kamar tafin hannuna, domin ƙauyen Bi Acih ne a gabana, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni shekara shida bayan rasuwar mahaifiyar. Naman kaza take nomawa a rumfuna uku a bayan gidanta, kuma naman kaza a kan karan shinkafa yake fitowa. Shi ya sa lokacin da kowa ke ƙona nasa, ita bin gonaki take da amalanke tana roƙo a bar mata, ta tara shi tsibi guda da ya fi gidanta tsawo, wanda zai kai ta har girbi na gaba. Daga sama ina ganin tsibin, shi kaɗai ne abu mai ruwan zinariya a duk faɗin baƙin nan. Na zaɓi wata busasshiyar gona kusa da shi. Na ce in ma faɗuwa ce, gara in faɗi inda za a ba ni shayi.

Sai na ga ɗigon rawaya a gindin tsibin. Ya motsa, ya hau gaɓar magudanar ruwa, ya miƙe da gudu yana tayar da ƙura. Akwatin Sarkim ne, ko a mafarki na san shi. Bai yi nisa ba farin hayaƙi ya ɓullo daga inda ya tashi, ya yi kauri, ya miƙe sama. Daga gabas kuma, ƙasa-ƙasa har ina ganin inuwarsa na bin sa kurkusa, ga jirgin Dudung ya nufo shi kai tsaye, babu ko lalube.

Ashe baiwar ke nan. Shekara nawa muna tafa wa ashanar mai ƙanƙara! Yau da ya rasa karan banza, sai ya cinna wa abincin tsohuwa. Na zage shi da duk zagin da na sani, na haɗa da uwar jengkol ɗin da ya ci. Babban yatsana na kan maɓallin rediyo. Kalma biyar sun isa: Mang, wuta, gidan Bi Acih. Zai kira 'yan kwana-kwana, ni kuma in sauka a gonar da na zaɓa in ɗauki bokiti.

Agogon tsayi ya ce ɗari biyu da hamsin. Gida kilomita goma sha biyar.

Ba zan ce hannuna ne ya yi da kansa ba, ƙarya ne. Ni na ɗage yatsa daga maɓallin, ni na kwantar da fiffiken hagu, ni na shiga hayaƙin.

Ya buge ni daga ƙasa kamar an harbi kujerar. Agogon hawa ya fasa ihu. Toka ta shigo ta tagar iska, ta cika mini baki da ido, baƙaƙen ɓurɓushin kara na bin gilashi suna wucewa sama. Wari ne na ɗanyen kara da aka jiƙa aka tara, mai zaƙi-zaƙi kamar abin da ya fara ruɓa. Duk zagaye ɗaya sai in fito gefen da babu hayaƙi in hango ƙasa. Mutane sun fito kamar tururuwa, sun yi layi daga magudanar ruwa. Akwai wata mai koren kallabi da ba ta cikin layin, ita kaɗai take shiga tana jawo kara da hannu. Na san kallabin, ni na saya mata da sallah.

Dudung, da ya riga ni shiga, na samana da kamar mita ɗari. A ɗari shida hucin ya fara sanyi, masu bokiti sun fara cin ƙarfin wutar. Shi da bai iya jira ba tun da aka haife shi, sai ya miƙe ya nufi gida da abin da ya samu. Ni na yi lissafi na ga ba zai isa ba. Na zauna. Na rage gudu, na ƙara matse zagaye, ina karɓar rabin mita, ina karɓar kwata, yadda Mang Oding ya koya mini. Ina cikin haka jirgin ya sake zabura, fiye ma da na farko, mita huɗu a daƙiƙa. Da na zagayo na duba, rumfar farko ce ta kama, rufin leda da gora na ci bal-bal. Na san me nake hawa. Na hau shi har mita dubu, sannan na daidaita fiffike.

Na wuce ta kan Dudung saura kilomita ɗaya a kai fili. Jirginsa na zaune a tsakiyar gonar rogo, shi yana tsaye a gefe ya riƙe ƙugu.

Da na sauka aka yi ta tafi. Mang Oding ya zo da sandarsa ya buɗe mini gilashi da kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya duba na'urar da ke rubuta tafiya, ya ga inda na rage gudu tun kafin Ciasem, ya ga inda na zauna a rabin mita ban gudu ba. Ya juya ga yaran kulob ya ce, "Ku zo ku ga haƙuri. Wannan ita ce tafiya, ba haukan wancan ba." Idonsa har ya kawo ruwa. Ni kuwa ji nake kamar in tone ƙasa in shige.

Kafin la'asar sakaliya aka jawo Dudung, taɓo har gwiwa. Na same shi a bayan rumfar jirage yana wanke ƙafa a famfo.

"Na ga Sarkim," na ce. "Na ga akwatin. Allah ya isa tsakaninka da tsohuwar nan, ƙazami kawai."

Bai ko ɗago ba. "To je ki faɗa mana. Ga Mang can."

"Zan faɗa."

"Madalla. Sai dai zai tambaye ki abu ɗaya, ƙanwata. Yaushe kika gan shi? A cikin hayaƙi dai ba a ganin babur. Ke nan kafin ki shiga ne." Ya kashe famfo, ya dube ni yana murmushi, haƙoransa duk ragowar abinci. "Ni dai na ɗan kurɓa na tashi. Ke kika sha har da ƙanzo. Na ji har rumfa ta kama. Ya daɗinta?"

Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na ga hannun baƙi ƙirin da toka, na sauke.

Ban je wurin Mang Oding ba. Na hau babur ɗina na tafi ƙauye, ko rigar tuƙi ban cire ba. Tsibin ya zama tudun toka mai hayaƙi, rumfa ɗaya ta tafi, biyu sun tsira amma babu abin da za a shimfiɗa a cikinsu har girbi na gaba. Bi Acih na zaune a dakali, maƙwabta kewaye da ita, an naɗe mata hannuwa biyu da farin ƙyalle har gwiwar hannu. Tana ganina ta yunƙura.

"Ga ta nan! Ban gaya muku ba? Na ce waccan ta ƙasan tawa ce, na san jan fentin wutsiyarta." Ta juya ga matan. "Ɗayan ya leƙa ya yi gaba abinsa. Ita kuwa ta kasa tafiya. Tana cikin gasa fa, amma ta tsaya a kanmu tana zagaye, tana zagaye, cikin hayaƙin nan. Sau ashirin da uku, na ƙirga. Ina jan kara ina cewa, tafi mana 'yar nan, kada ki rasa gurbinki saboda ni."

Matan suka yi ta sa mini albarka. Wata ta ce irin wannan riƙo shi ne riƙo, ba a yi asarar shinkafa ba.

"Kin dai samu ko, Neng?"

"Na samu, Bi."

"Alhamdu lillahi. To ai wutar ba ta ci komai ba." Ta matso, ta rage murya. "Su Pak Lurah, mai unguwa, sun ce sa ta aka yi, kara jiƙaƙƙe ba ya kamawa da kansa. Ke da kike sama kina ganin ko'ina, ba ki ga kowa ba?"

Duk suka juyo gare ni. Na dubi ƙyallen hannunta, wani wuri ruwan ƙunar ya fara ratso shi.

"Hayaƙi ya yi yawa, Bi. Ban ga komai ba."

Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya gani. Sannan ta sunkuyo ta shinshina kafaɗata, ta yamutsa fuska.

"Kai, wannan riga ta sha hayaƙi. Da ita za ki je gasar ƙasa a ce ba ki da kowa? Cire ta ki bar mini, in hannun ya yi sauƙi zan wanke miki."

Na cire na ba ta.